Koriyar Fitila a Wayar Umma

Litinin, da hantsi

Likita ya ce babu shiga. Ba Umma, ba Anti matar Yaya, ba kowa. Ɗakin masu ƙuna ne, ƙwayar cuta ɗaya daga ƙasan takalmi ta isa ta yi ɓarna. Sai dai a tsaya bayan gilashi, kuma gadon Yaya yana can ƙurya, ƙafarsa kawai ake hangowa. Umma ta tsaya tana kallon ƙafar nan har aka ce mu ba wasu wuri.

An sa masa bututu a maƙogwaro, ba ya magana. Hannayen a naɗe suke, sai yatsa ɗaya na hagu da ya tsira. Sista mai tabarau, wadda take kula da shi da rana, ta ce yana ji, yana ganewa, idanunsa kullum a ƙofa suke. Ta ce masu irin ciwonsa, idan suka ga kamar an manta da su, sakin jiki suke yi su daina kokawa. Wannan maganar ce ta biyo ni har gida.

Na zagaya ta wata hanya don kada in bi ta gaban shagon Yaya, inda abin ya faru.

Talata, bayan azahar

A ofis nake, amma ba aikin Oga nake yi ba. Manhaja nake haɗa wa Yaya a tsohuwar tabulet ɗina. Manyan maɓallai, kowanne kamar tafin hannu, yadda yatsa ɗaya zai iya: Umma. Ina nan. Ciwo. Da sauƙi. Yaran fa? Ya danna, saƙon ya fito a wayar Umma da ta Anti da tawa. Mu kuma mu naɗi murya mu tura, tabulet ta kunna masa da kanta.

Na ƙara maɓalli na shida: Auta, kin cika surutu. Tun ina yarinya da shi yake rufe min baki, ban ga dalilin da ciwo zai hana shi ba.

Shekara da shekaru yana kirana Injiniya don tsokana, wai shi da yake gyaran firji da hannunsa ba a kira shi injiniya ba sai ni mai latse-latse. To yau ga ranar latse-latse.

Oga ya leƙo ya ga abin da ke allona. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya wuce.

Laraba, da safe

A gida ta yi aiki, a ofis ta yi aiki. A asibiti ko motsi.

Ɗakin yana ƙasan gini, layin waya ba ya shiga. Sai intanet ɗin asibiti, shi kuma ya ƙi barin soket ɗina ya fita. Soket shi ne bakin layin da manhaja take buɗewa zuwa sabar, wato kwamfutar da ke raba saƙonnin, kamar ɗaga waya ka riƙe. Nawa yana ɗagawa, ba kowa a ɗaya gefen.

Aka nuna min ofishin mai kula da kwamfutocin asibitin, wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene, cike da wayoyi da warin shayi. Kafin in gama bayani ya ce, "Ba dama, 'yar'uwa." Na sake farawa, ya sake cewa ba dama. A raina na raɗa masa Malam Ba-Dama. Sai da na ce masa yayana ne a ɗakin ƙuna sannan ya cire ƙafarsa daga kan tebur.

"A nan babu mai fita kai tsaye," in ji shi. "Komai sai ta firoksi. Ki gaya masa inda za ki, shi zai buɗe miki. In ya ga dama."

Ya rubuta min suna da kalmar sirri a bayan hannuna da biro, don wai ba ya son takarda tana yawo.

Laraba, bayan magariba

Umma ta tambaye ni me ya hana. Na ce mata akwai ɗan aike a ƙofar asibitin, ba a magana da waje sai ta bakinsa. Ta ce, "To ki gaishe shi da kyau mana, ke ba ki iya lallashi ba." Anti ta yi dariya, karon farko tun ranar.

Rigar aikin Yaya tana rataye a bayan ƙofa. An wanke ta, warin bai fita ba. Babu wanda ya ce a cire.

Alhamis, da la'asar

Na yini a bencin barandar asibiti, laftof a cinya, bayana kamar zai tsage.

Ga yadda ake lallashin ɗan aiken, na rubuta don kada in manta. Da farko ba sabar ɗina zan nema ba, firoksi zan buɗe wa soket. Sai in ce masa CONNECT, ga sunan inda nake so, ga lambar ƙofa. Ya mayar min da 407, wato wace ce ke. Na ba shi abin da ke bayan hannuna, wanda zufa ta kusa gogewa. Ya mayar da 403, wato na san ki amma ban yarda ba. Ashe ƙofa ɗaya tak yake buɗewa, 443, ni kuma sabar ɗina tana sauraro a wata. Na canza. Sai kuma na gane kod ɗina, wato rubutun manhajar, yana ƙoƙarin nemo adireshin sabar da kansa, alhali a cikin asibitin ba a ba kowa wannan damar. Sunan kawai za ka miƙa wa firoksi, shi ya nemo.

Da 200 ta fito, wato ya yarda, sai da na yi ƙara, wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Lafiya, 'yar nan?" Na gwada ba adadi, danna, ya iso, danna, ya iso. Sista ta goge tabulet da magani, ta sa ta a leda, ta shiga da ita.

Muna tsaye a bayan gilashi wayar Umma ta yi ƙara. Ta sa tabarau, ta karanta a hankali: Auta, kin cika surutu.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Juma'a, da safe

Na sa wata 'yar fitila a saman allon. Idan layi a buɗe yake, koriya. Umma ta ce me take nufi. Na gaji, ban iya dogon bayani ba, na ce, "Tana nufin Yaya yana nan." Ta jingina wayar da filas a gaban dardumarta.

Asabar, da azahar

Koriya. Bai danna komai ba. Umma ta ce barci yake, barci magani ne.

Litinin, bayan la'asar

Na koma aiki sosai, Oga ya fara kallon agogo idan na shigo. Kod ɗin mutane nake karantawa, idona yana kai, kaina ba ya nan.

Da safe idan na biya asibiti Sista ta kashe tabulet ta kunna, sai saƙo ɗaya ko biyu su iso. Daga nan shiru har gobe. Umma tana naɗar murya safe da yamma. Tana ba shi labarin yara, da maƙwabcin da ya zo dubiya, da famfon da ya sake lalacewa. Ba amsa. Fitila koriya.

Talata, da magariba

Anti ta same ni a kicin ta rufe ƙofa.

"Auta, ki gaya min gaskiya. Fushi yake da ni?"

Na ce fushin me.

"Ni na ce ya koma shagon ranar nan. Ya riga ya cire takalmi." Ta kama bakin tukunya tana gogewa ba dalili. "Na tura masa murya ta fi goma. Ko Ina nan bai danna min ba."

Na ce mata ciwo ne, magani yana sa shi barci. Na ce layi lafiya lau, ga fitila nan, ni na rubuta ta. Har da ɗaga murya na faɗa, kamar ta zage ni.

Ba zan rubuta komai game da ranar nan ba.

Laraba, da hantsi

Sista ce ta tare ni a baranda, fuska a ɗaure, ko gaisuwa babu.

"Ku wane irin mutane ne? Bawan Allah yana ta danna abin nan har yatsan ya kumbura, babu mai amsa masa. Jiya ya ture ta da gwiwar hannu. Ya juya fuska bango, atisayen numfashi ma ya ƙi yi mana."

Na ce ai ba ya dannawa. Ta ce, "Ni da nake tsaye a kansa?" Na ce muna turo murya kullum. Ta ce tabulet ɗin nan ba ta yi magana ba tun ranar Asabar, in ban da ɗan lokacin safe.

 Na ciro wayata a gabanta. Koriya.

Laraba, bayan azahar

Na karɓo tabulet, na zauna a bencin nan, na buɗe layi, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara: na naɗe hannu na yi shiru. Bayan 'yan mintoci na danna Umma. Tabulet ta nuna an aika. Sabar ba ta ga komai ba. Fitila koriya a ɓangarorin biyu.

Na sauka wurin Malam Ba-Dama. Yana tauna burodi ya ce, "Ai haka yake. Layin da ya yi shiru, firoksi mantawa yake da shi."

"Ba ya sanar da kowa?"

"Wa zai sanar? Mutum dubu ne a kansa. Sakin igiyar kawai yake, ku kuna riƙe da bakinta kuna zaton da mutum."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya min ba. Ya ce ban tambaya ba. Na so in yi masa rashin kunya, amma ba ni da ƙarfi, kuma ba shi ya rubuta kod ɗin ba. Ni da nake gwaji ba na barin layi ya huta ko minti ɗaya, danna, danna, danna, kamar mai koran sauro. Mara lafiya kuwa sai ya yi awa bai motsa ba. Kuma alamar an aika, na sa ta fito da zarar saƙo ya shiga soket, ba sai ɗaya gefen ya ce ya karɓa ba. Yaya yana ganin an aika, an aika, an aika. Me zai ɗauka?

Malam Ba-Dama ya turo min kujera da kofin shayi. Ya ce in zauna nan in gyara, akwai wuta.

Abu uku na yi. Kowane rabin minti tabulet za ta tura ɗan bugu, sabar ta mayar, don ɗan aiken ya ga layin da rai. In bugu ya ɓace, fitila ta koma ruwan toka, a sake buɗe soket daga farko. Kuma babu alamar an aika sai an ji daga ɗaya bakin. Sannan na zauna na yi shiru na tsawon sallar la'asar da abin da ya biyo baya. Na danna. Ya iso.

Laraba, da magariba

Na sa manhajar ta sake tura duk abin da aka danna wanda bai taɓa isowa ba. Ban yi tunanin yawansu ba. Ina kan bene Anti ta kira, tana cewa wayar Umma ta haukace. Ina jin ƙarar a bayanta, ba tsayawa.

Na iso gida na tarar da su a falo. Umma. Umma. Ina nan. Umma. Ciwo. Yaran fa? Umma. Ciwo. Ciwo. Umma. Allon ba ya ƙarewa. Anti ta toshe baki da mayafi.

Umma ta sa tabarau, ta koma can sama, ta fara daga na farko. Ta danna naɗi ta ce, "Na'am." Ta saki. Ta sauko na biyu. "Na'am, ina jin ka."

Na ce, "Umma, waɗannan tsofaffi ne, na kwanakin baya."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ai kira ya yi ba a amsa ba."

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su. Inda ya ce ciwo ta ce sannu, inda ya ce yara ta miƙa wa Anti. Shayinta ya huce, na sake ɗumamawa, ya sake hucewa.

Alhamis, da safe

Sista ta ce da ta mayar da tabulet, muryoyin suka yi ta fitowa har mai gadon kusa ya fara amsawa shi ma. Yaya ya juyo daga bango. Ta ce hawaye yana shiga masa kunne, sai da ta goge.

Na tura masa murya na ce laifin kod ɗina ne, ba wanda ya manta da shi. Na yi dogon bayani kan firoksi da soket da bugu. Amsa ta zo nan take, kuma kowa ya san wace ce.

Asabar, da la'asar

Kwanakin nan da dama-dama. Kullum da asuba yana danna Umma, ta ce na'am, sannan ta tashi daga darduma. Ya danna wa Anti Da sauƙi sau uku a jere, ta yi wanka ta sa kwalli. Yara sun naɗar masa waƙar makaranta, ba kai ba gindi. Ya koma yin atisayen numfashi.

Na yi barcin rana har Umma ta zo ta taɓa goshina.

Talata, da azahar

Zazzaɓi. Likita ya ambaci sunan wata ƙwaya, ban riƙe ba.

Laraba, bayan la'asar

Ciwo. Ciwo. Umma.

Na buɗe kod ina neman abin gyarawa. Babu. Bugu yana tafiya yana dawowa, ko sau ɗaya bai ɓace ba. Ban taɓa rubuta abin da yake aiki lafiya kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin rashin amfani kamar yau ba.

Na gaji. Na gaji da benci, da warin magani, da mutane masu tambayar ya jiki.

Alhamis, da magariba

Na tura masa murya daga ofis, surutu kawai, labarin Oga da sabuwar motarsa da ta ƙi tashi. Ina cikin bas amsar ta shigo: Auta, kin cika surutu. Na yi murmushi ni kaɗai. A tsaye nake, hannu ɗaya a ƙarfe, na ce bari sai da safe in rama da wadda ta fi ta.

Juma'a, da hantsi

Ina bakin titi Sista ta kira. Ba ta taɓa kirana ba, saƙo take turowa. Ta ce ni ta zaɓa don ni ce mai zuwa kullum.

Na juya gida da ƙafa. Sai da na wuce na gane ta gaban shagon na bi.

Umma tana kan darduma, waya a jingine da filas. Koriya. Tabulet tana can tana tura bugunta kowane rabin minti kamar yadda na koya mata. Na tsaya a ƙofa da takalmi a ƙafa.

"Cire takalmi ki zauna, Auta."

Na zauna.

"Yau bai kira ni da asuba ba. Yayanku ba ya fashi." Ta nuna allon da haɓa. "Wannan fitilar ba shi ba ne, ko? Injinki ne."

Na ce e, Umma.

Ta gyaɗa kai, ta yi salati a hankali, ta ce in kira mata Anti daga ɗaki. Na miƙa hannu zan ɗauke wayar, ta riƙe min wuyan hannu. "Kada ki kashe. Bar ta."

Asabar

Mutane. Tabarmin zaman makoki har waje. Oga ya zo, Malam Ba-Dama ma ya zo, ya zauna can gefe.

Lahadi, bayan la'asar

Sista ta ce in zo in karɓi kayansa. Na roƙe ta ta bar tabulet a durowar gadon, a kunne, kada a sa mata caji. Ta ce ba a kawo kowa gadon ba tukuna, za ta bari.

Da mata suka ragu Umma ta kira ni ɗakinta. Wayar tana hannunta, ta sa tabarau. Ta gangaro da allon har ƙasa, ta nuna min saƙon ƙarshe, na ranar Alhamis. Babu komai a ƙarƙashinsa.

"Ya kira ki ba ki amsa ba."

Na ce, "Umma, babu kowa a ɗakin."

"Na sani. Amsa masa tun fitilar ba ta ɗauke ba."

Na karɓa. Na danna naɗi, na riƙe, sakan yana ta tafiya, ni mai surutu na rasa abin faɗa. Da ƙyar na ce, "Na ji, Yaya. Na yi shiru."

Na saki. Alamar ta fito, ta gaskiya, wadda ba ta fitowa sai ɗaya gefen ya karɓa. Umma ta karɓi wayar ta mayar jikin filas, muka zauna. Ana kiran magariba ta koma ruwan toka.